Inuwar Ɓaure a Bangon Ruwais

Ranar da aka zo aka shafa jan fenti a bangon gidanmu na unguwar Ruwais a Jidda, ba tashin da aka ce mu yi ne ya fara ba ni haushi ba, munin rubutun ne. Saurayin da aka aiko da gwangwanin feshi ya yi shi, a tsaye a karkace, waya a kunne, fentin yana gangarowa ta ƙarƙashin haruffan. Na ce masa, "Ɗana, in ma korata za ka yi, ka kore ni da rubutu mai kyau mana." Ba ya jin Hausa, ni kuma ban ga damar maimaita masa da Larabci ba, ya wuce gida na gaba. Unguwar ce za a rushe, haka hukuma ta yanke, kuma ban ja da kowa ba. Gidan ba nawa ba ne, haya nake biya tun kaina yana baƙi, sannan wanda ke zaune da iƙama, takardar izinin zaman baƙo, a aljihu ya san iyakar inda muryarsa ke kaiwa. Abin da yake nawa a gidan bango guda ne a ɗakin ciki, shi kuwa ba ya shiga mota.

Ni mai zanen wurare ne, ko in ce a da. Duwatsu, kwazazzabai, bakin ruwa, sararin sama kafin hadari, su na yi rayuwata ina zanawa, da su na ci abinci, da su na aurar da 'yata. Ba a Jidda aka yanke cibiyata ba. A wani ƙauyen Hausawa ne a bakin kogin Nilu, can Sudan. Kakanninmu sun taso daga ƙasar Hausa da niyyar hajji, guzuri ya ƙare a hanya, suka tsaya noman auduga don su ƙara, sai ga 'ya'ya, sai ga jikoki, tafiya ta zama zama. Abin da kunnena ya fara sani a duniya kukan sagiya ne, wata ƙatuwar ƙafar katako da shanu ke juyawa tana ɗebo ruwa daga kogi zuwa gonaki. Tun kafin assalatu take farawa, tana ƙugi tana nishi kamar tsohuwa mai ciwon baya, har mu yara ba mu san tana yi ba sai ranar da ta lalace, shirun ya hana mu barci. A bayanta sai dakan mata, sai muryar yara a kan allo, sai jakuna. Yanzu ina hawa na huɗu na wani bene a unguwar Madain Fahd, abin da nake ji na'urar sanyaya ɗaki ce da odar motoci, kuma babu ɗayansu da ke gaya mini ko rana ta kai ina.

Mahaifina malamin allo ne, amma da zayyana aka fi saninsa. Duk yaron da zai yi sauka a yankin, allonsa sai ya biyo ta hannunsa a ƙawata shi. Aikina tun ina ƙarami shi ne haɗa masa kala. Ba a kanti ake sayen kala ba a lokacin, fita ake yi a nemo ta. Ja tana gaɓar kogi inda ruwa ya zaizaye, rawaya tana wani rami bayan gonakin auduga, baƙi kuma kunkunniyar rufin madafa ce. In na ɗebo sai in shanya, in niƙa a kan dutse, in tankaɗe da tsohon mayafin Inna, in zuba ruwa in bari ta kwanta, in tsiyaye, sannan a haɗa da ƙaro. Ranar da wasa ke kirana na yi gaggawa, zai murza da yatsa biyu, ya ji tsakuwa, ya miƙo mini ƙoƙon ba tare da ya dube ni ba. "Koma. Ƙasar ba sauri take ba, kai wa ya aike ka?" Na ji wannan maganar har ta zauna mini a hannu, yau ko shayi nake motsawa ba na iya yi da sauri.

Wata rana da hantsi Inna tana tsugune tana yin kisira, wainar dawar nan marar kauri da ake shafawa a kan kasko, hayaƙi ya sa ta kanne ido ɗaya. Ina zaune da allona a cinya. Ban san abin da ya shiga kaina ba, na juya bayan allon, na ɗauki gawayi na zana ta. Ƙannena suka leƙo suka ce Inna ce, wallahi Inna ce. Hayaniyarsu ce ta fito da mahaifina daga zaure. Ya karɓi allon ya daɗe yana kallo, ni kuwa na gama shirya bayana don bulala. Bai dake ni ba. Ya zaunar da ni ya ce, "Ta yi kama. Abin tsoron ke nan." Ya gaya mini abin da ya karanta, cewa mai zana abu mai rai za a tsayar da shi gobe a ce ya hura masa numfashi, kuma ba zai iya ba. Ya ce, "Ga dutse, ga ruwa, ga itace, ga sama. Allah ya bar maka fili mai faɗi, ba za ka gama shi ba kafin ka mutu. Ka bar masa masu rai." Ya sa aka kawo buta. Inna tana cewa daga madafa, "Ku bari in gani mana, Malam," ruwa kuwa ya riga ya sauka a kan allon. Sannan ya miƙo hannunsa, na sa nawa a ciki, na yi masa alkawari.

Ban taɓa karya shi ba. Ko tsuntsu a sama, ko akuya a gindin dutse, babu a zanena. Yau malamai da kansu ke gyara zaman rawani a gaban kyamara, kuma ban ce sun yi laifi ba, wataƙila fatawa ce ta yi gaba ta bar ni a tsaye. Amma ni ba da fatawa na yi alkawari ba, da hannun mahaifina na yi, kuma har yanzu ina jin kaushin tafinsa.

Ina saurayi wata tawagar masu binciken ruwa da ma'adinai ta yada zango kusa da ƙauyenmu, Turawa da 'yan ƙasa. Shugabansu wani tsoho ne mai jan wuya, ba ya rabuwa da 'yar guduma, don haka muke ce masa Mai Guduma. Ya ga zanen gaɓar kogi da na yi a ƙofar mai shayi, ya kankare gefensa da farce, ya je gaɓar ya kankaro ita ma, ya gwada su a tafinsa, ya ga abu ɗaya ne. Kyamarorinsu baƙi da fari kawai suke bayarwa, zafi yana lalata fim, kuma sai an aika nesa a wanko. Su kuwa kalar dutse suke bi, ita ke gaya musu abin da ke ƙarƙashi. Haka na hau bayan babbar mota da akwatin ƙarfe da buhun ƙaro, na bar kukan sagiya a baya.

Na ga ƙasar Allah. Na zana duwatsun Kasala masu sulɓi, na zana tsaunukan bakin Bahar Maliya inda ƙasa ke sauya kala kafin ka gama alwala, na zana hamadar arewa inda raƙumi ne kawai motarmu. Ko'ina muka tsaya, kafin in buɗe takarda sai na sauka na ɗebi ƙasar wurin, na niƙa, na zana shi da jikinsa. Abin da ya rage in zuba a ɗan gwangwani in rufe. Ban taɓa rubuta suna a kan ko ɗaya ba, da ido nake sanin kowanne. Rigimarmu da Mai Guduma guda ce. Yakan ce in sa mutum a gindin dutsen don a gane girmansa, in ce masa ba na sa mutum. Ya yi faɗa, ya yi lallashi, daga baya muka daidaita a kan gangar ruwa. Duk wanda ya ga zanen tawagar nan zai ga ganga a tsaye ita kaɗai a gindin kowane tsauni, wannan ni ne da taurin kaina. A zango kuma ba ni cikin manya, ba ni cikin lebura. Manya suna cin abinci a tebur, lebura suna zagaye da tire suna raha da yarensu, ni ina gefe da kwanona ina jiran kala ta bushe. Sau ɗaya muka yi yamma har iyakar ƙasar, direba ya nuna mini wata hanya ya ce ita ce ke zuwa ƙasar Hausa. Na sauka na ɗebi ƙasarta, ja ce mai ɗan duhu, muka juyo. Iyakar kusantata da garin kakannina ke nan.

Da tawagar ta samu aiki a wannan ƙetaren na Bahar Maliya, suka zama kafilina, masu tsaya mini a takardun zama, suka haye da ni. Kafin mu taso na yi aure. 'Yar maƙwabtanmu ce, a mashaya na san ta, ƙarƙashin wani ƙaton ɓaure inda mata ke wanki. Tana da baki, Allah ya ji ƙanta, in ta fara yi maka tsiya sai ka yi dariya kana jin zafi. Ba ta kiran sunana, kamar yadda matanmu ba sa yi, amma ba ta ce mini Malam ba ko sau ɗaya. Rassam take ce mini, mai zane da Larabci, tana jan ƙarshen kalmar don in san tsokana ce. Na kawo ta Ruwais. A lokacin daga ɗaki ana jin teku, ana jin masunta suna kiran juna da asuba, mai ruwa yana wucewa da jakinsa yana buga garwa. Ni wurin ya yi mini. Ita kuwa ta rame. Ta ce ruwan nan ba a sha, ba a wanki da shi, babu itace a bakinsa, wannan wane irin ruwa ne? Ga shi ni ba na zama. In muka hau tsaunukan kudu ko muka shiga baƙaƙen duwatsun arewa, sai wata ya fito ya ɓace ya sake fitowa ban dawo ba, tana zaune tsakanin bango huɗu da mutanen da ba ta saba da Larabcinsu ba.

Ana gobe za mu yi wata doguwar tafiya na tarar da ita ta juya fuska bango tana kuka ba sauti. Ban iya lallashi ba, ban taɓa iyawa ba. Sai na jawo akwatina, na fito da gwangwanayen ƙasar ƙauyenmu, ja da rawaya da baƙar ƙasar gona, na hau bangon ɗakin ciki. Na yi mata gaɓar kogi daga wannan kusurwa zuwa waccan, da gangaren mashaya, da duwatsun da ake buga wanki a kai, da sagiya can nesa babu shanu. A gefen dama na tsayar da ɓauren, rassansa har rufi. Ta zauna tana kallo har na wanke burushi.

Ta ce, "Rassam, ina mutanen garin? Annoba aka yi?"

Na ce, "Kin san ba na sa mutum."

"To ni kaɗai. Ka sa ni a gindin ɓauren nan ina wanki."

Na ce mata na yi wa mahaifina alkawari. Ta dube ni, ta dubi bangon, ta ce, "Halas, shi ke nan. To ka bar mini wurina, kada ka cika shi da duwatsu." Ta tashi ta jawo tabarma da matashi, ta shimfiɗa a gindin bangon daidai ƙarƙashin ɓauren, ta zauna ta jingina. "Ga ni na shiga. Je ka tafiyarka."

Wurin zamanta ke nan har ƙarshen rayuwarta. A nan take tsince shinkafa, a nan ta shayar da 'yarmu, wadda na sa wa sunan mahaifiyata muke kiranta Ummi, a nan take karɓar baƙi. Matan unguwa, na Sudan da 'yan Najeriya masu zuwa hajji su maƙale, sukan ce za su je inuwar ɓaure shan kofi, kowa ya san gidan da ake nufi. Hoto kuwa ta ƙi shi ƙememe. Da aka buɗe shagunan hoto a kasuwar Bab Makka ƙawayenta suka yi ta zuwa, ita ta ce a kai kasuwa. Da wayoyi suka zo Ummi ta yi ta fama, da ta ɗaga waya uwar za ta ja mayafi ta rufe fuska. Takan ce, "Mijina mai zane ne. In shi bai zana ni ba, wane ne inji?" Tana faɗa tana dariya, tana kallona ta gefen ido, ni kuma in yi kamar ina neman wani abu a aljihu. Ɗan hoton takardu ne kawai aka taɓa yi mata dole, ta fito a ciki kamar wata baƙuwa da aka tsorata, shi ma an mayar da shi tare da takardun bayan rasuwarta.

Rigimarmu ta shekara-shekara a kan karkar ce, man kitson matan Sudan, na riɗi da kakin zuma da kanumfari. Ba ta rabuwa da shi, kuma yana ratsa ɗankwali. Inda take jingina kai sai bangon ya yi duhu ya yi maiƙo, ya ɓata mini jikin ɓauren. Duk gabanin babbar salla sai in kankare wurin in sake shafawa ina mita, tana tsaye a kaina da hannu a ƙugu tana cewa, "Inuwata ce, ina ruwanka? Ba kai ka ce ba ka sa mutum ba?" Haka muka yi ta yi. A tsakani kyamara mai kala ta zo, jirage suka fara ɗaukar ƙasa daga sama, tawagar ta ce ta gode. Na koma Bab Makka ina zana tsauni da dabino a kan akwatunan alhazai, ina rubuta allunan shaguna, har injin buga takarda mai manne ya zo ya karɓe wannan ma. Na dawo gida na zauna, daidai lokacin da ƙafafunta suka fara kumbura. Shekarun jinyarta ban taɓa bangon ba, don ba ta tashi daga wurin balle in gyara. Bayan an kai ta kuma ban sami ƙarfin hali ba. Ummi ta turo kabad da katifu da kwalayen kayan uwarta cikin ɗakin, muka ja labule, na koma kwana a falo.

Abin da ban gaya wa kowa ba sai yanzu shi ne fuskarta ta fara guje mini. Ka tambaye ni tsaunin da na gani sau ɗaya ina saurayi, zan zana maka shi da inda ya tsage. Amma matar da muka tsufa tare, in na rufe ido sai ta zo mini gutsi-gutsi, wushiryarta daban, tsagar kumatunta daban, sun ƙi haɗuwa. Wannan ya fi rasuwar kanta ci mini rai. Da jan fentin nan ya hau bangon waje, sai na ce a raina, mahaifina ya yi mini afuwa, kafin a rushe ɗakin zan sa ta a gindin ɓaurenta ko na yini ɗaya ne, in ga ko hannuna ya riƙe abin da kaina ya saki.

Ranar kwashe kaya mijin Ummi ya kawo mota da ma'aikata, kafin la'asar sun share gidan tas, har labulen sun cire. Maƙwabta sun riga sun watse, layin babu kowa sai kyanwoyi, daga bayanmu ana jin injin rusau yana cin wani layin. Na ce su ba ni ɗan lokaci. Na shiga ɗakin ciki, na jiƙa kala, na durƙusa a gaban ɓauren da burushi a hannu, hancina kusan yana taɓa bango. Na daɗe a haka. Ba tsoron alkawarin ne ya riƙe ni ba, na riga na yanke wannan. Babu abin da ya zo ne. Ban san ta inda zan fara ba, goshi ko haɓa, kalar tana bushewa a bakin burushi.

Ummi tana tsaye a bakin ƙofa. A Jidda aka haife ta, Hausarta a kunne take, ba a baki ba, in ta yi jimla ɗaya da Hausa biyu na Larabci ne. Ta ce, "Abuya, ta'al. Zo nan. Ba kai kake cewa ba a kallon zane a kusa ba?"

Gaskiyarta, ni na koya mata tun tana rarrafe, in ka gama sai ka ja da baya har bakin ƙofa. Na dafa bango na miƙe, na je na tsaya inda take. Rabona da ganin bangon nan daga ƙofa tun kafin a cika ɗakin da kaya. Hasken la'asar ya shigo ta tagar da babu labule, ya kwanta a kan gaɓar kogin. A gindin ɓauren kuwa ga ta zaune. Ga zagayen kanta inda man ya ratsa, ya ɗan karkata hagu yadda take yi in tana sauraron magana. Ga gangaren kafaɗarta, ga inda bayanta ya goge kalar har ta yi sheƙi, ga wani ɗan duhu can ƙasa inda take dafa hannu in za ta tashi. Babu ido, babu baki, amma duk wanda ya taɓa shan kofi a ɗakin nan zai ce ita ce. Abin da na yi shekaru ina kankarewa ina mita, ashe zama take yi a hankali tana sa kanta inda na ƙi sa ta. Na zauna a ƙasa a bakin ƙofar na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar jana'izarta.

Ummi ta ɗauki hoton wurin da waya ta nuna mini. A cikin wayar datti ne kawai a jikin tsohon bango. Mijinta ya kira wani magini cikin ma'aikatan ya tambaye shi ko za a iya yanko wurin. Mutumin ya ƙwanƙwasa da ɗan yatsa, yaɓen ya zubo kamar gari. Ya ce ginin dutsen teku ne, gishiri ya gama cin sa, ko tafin hannu ba zai fita lafiya ba. Mijin Ummi ya dafa ni ya ce, "Ya ammi, halas. Yalla, mu tafi kafin a rufe hanya."

Na ce su jira ni a mota. Ina da wuƙar da mahaifina ke fiƙe alƙalami da ita, tana aljihuna tun barina gida. Na zazzage wani gwangwani, na goge shi da bakin riga, na koma na durƙusa. Abin da na saba yi a duk inda na san ba zan sake komawa ba, shi na yi. Na fara daga kan, na bi kafaɗa, na sauko har inda take dafa hannu, ina kankarewa a hankali ina tarewa da gwangwanin. Ba abu ne mai sauƙi ba mutum ya share matarsa da hannunsa, amma na gwammace wuƙar mahaifina da bakin injin can. Ƙamshin kanumfari da riɗi ya tashi ya cika ɗakin, kamar yanzu ta gama kitso. Da na gama, gindin ɓauren ya koma fari fat. Na rufe gwangwanin na fito, ban ja da baya na duba ba.

Yanzu ina gidan Ummi. Suna kula da ni, ba ni da abin cewa. Ɗakina fari ne ƙal, mai ginin ya hana ko ƙusa a bango balle kala. Jikokina suna gaishe ni da Larabci su koma kan wayoyinsu. Akwai wani likita ɗan Najeriya a hawa na ƙasa, in mun haɗu a masallaci yakan yi mini Hausa mai gauraye da Turanci, ya ce, "Baba, wane gari ne a gida?" Nakan ce masa da nisa. Gwangwanayena suna ƙarƙashin gado, ƙasar Kasala, ta bakin Bahar Maliya, jar nan ta hanyar yamma. An ce mini inda gidanmu yake fili ne yanzu, har ana hango teku daga titi. Ban je ba.

Na sa an sayo mini ƙaro a Bab Makka, na samu ɗan katako mai kyau, na ce zan niƙa abin da na kankaro in zana ɓauren, in yi inuwarsa da shi. Katakon yana nan jingine. Na kasa zuba ruwa, don in na jiƙa shi ƙamshin ya tafi ke nan. Ko a haka ma na lura duk buɗewa yana raguwa. Da farko kullum nake buɗewa bayan sallar asuba, yanzu na mayar da shi Juma'a kawai.

Juma'ar da ta wuce Ummi ta shigo da shayi ta same ni da shi a hannu. Ta ajiye tiren, ta zauna kusa da ni a bakin gado. Na buɗe na miƙa mata. Ta sunkuya ta shaƙa, ta rufe ido. Sai ta kama hannuna da murfin ta danna a kan gwangwanin, ta ce da Hausa tsantsa, da irin faɗan uwarta, "Rufe, Baba, rufe mana. So kake ya ƙare?"